Yadda zaka kalli wasan daɓe idan ka sauka Ikko ko Badun

Zuwana na farko neman wasan daɓe a Ikko asarar kuɗin mota kawai nayi, shi yasa nake so in fara da labarin kafin komai. Na gama abun da ya kawo ni kasuwa ranar wata Laraba, kaya sun hau mota, ina da kwana biyu a hannu, sai nace bari inje in ga wasan nan da ake ta bamu labari, ni duk a zatona kamar sinima ne, kaje ka duba allo ka zaɓi wanda ya maka ka biya ka shiga. Na sha gosulo kusan awa biyu na isa wani babban zaure da ba sai na faɗi sunansa ba, ƙofa a garƙame, sai wani dattijo maigadi a kan benci da 'yar rediyonsa, ina jin tashar da ya kamo nasan namu ne. Nayi sallama muka gaisa nace Baba yau ƙarfe nawa ake fara wasa? Ya dube ni yayi dariya yace "wane wasa ɗana, ai nan ranar Asabar ma biki akayi, gobe kuma 'yan coci ne suka kama wajen." Ya bani ruwa na sha na juya.

Toh abun da ban sani ba a lokacin shine a can gini daban, masu wasa daban. Yawancin zaurukan nan haya ake badawa, yau wasa gobe ɗaurin aure jibi taron banki, ƙungiyar wasa ita ke kama waje na kwana biyu ko sati biyu ta buga tallanta ta sayar da tikiti, tana gamawa ta kwashe kayanta. Don haka ƙungiya zaka bi, ita zata gaya maka gini da rana. In ka riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Fara da lokacin tafiya

In kana da ikon zaɓar lokacin da zaka je, kakar wasa a Ikko biyu ce manya, Disamba zuwa farkon Janairu da kuma hutun Ista. A nan ne manyan ƙungiyoyi ke fito da wasan da suka yi watanni suna atisaye a kai, wani a yi ta yinsa kullum tun daga wajen Kirsimeti har shiga sabuwar shekara. Amma fa Disamba tana da nata kuɗin, masauki ya hau, mota ta hau, 'yan ƙasar waje sun dawo gida hutu sun cika ko'ina, hanyar da kake yi a minti arba'in sai ta cinye maka awa biyu. Ni nafi son Oktoba da Nuwamba, domin a Oktoba cibiyar kiɗa ta MUSON na yin bikinta na shekara wanda galibi akwai wasan kwaikwayo a ciki, a Nuwamba kuma akwai bikin wasanni na Lagos Fringe da ake yi a Freedom Park tun 2018, inda a kwana ɗaya zaka iya ganin ƙananan wasanni biyu uku da kuɗin da bai kai tikiti ɗaya na Disamba ba. Sauran watanni ma ana yi, sai dai kusan duk Asabar da Lahadi ne, saboda haka in kasuwanci ya kawo ka ka tsara ya zama ƙarshen mako ya same ka a gari. Yuni da Yuli ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kar ka sa ranka a wasan fili a lokacin.

Sai neman ƙungiyoyin

Sati biyu ko uku kafin ka taso ka buɗe Instagram, don can suke talla fiye da Facebook ɗin da muka saba. Wanda ya kamata ka fara bi shine Terra Kulture da kamfanin BAP Productions, duk na Bolanle Austen-Peters ne, lauya ce da ta koma harkar al'adu ta buɗe wajen a 2003, kuma ita ce ta dawo da manyan wasanni masu waƙa da rawa da makaɗa a kan dandamali har mutane suka koma biyan kuɗi mai kauri don kallon daɓe, wasanta na rayuwar Fela da matansa da aka fara a 2017 har ƙasashen waje an kai shi. Wannan shine ɓangaren ƙyale-ƙyale, fitilu, sutura, mutum talatin arba'in a kan dandamali lokaci ɗaya.

In kuma irin wasan da ke cizo kake so, mai habaici da zambo ga masu mulki, nemi Crown Troupe of Africa na Segun Adefila, 'yan unguwar Bariga ne tun 1996, basu da kayan ado da yawa, jiki ne da ganga da baki, kuma duk wanda ya taso yana kallon tashe zai gane salon nan take, a fake da raha a faɗa wa babba abun da ba'a iya faɗa masa ido da ido. Akwai Lufodo na Joke Silva da mijinta Olu Jacobs waɗanda ke kula da zauren Glover. Akwai Duke of Shomolu Productions da suka fi karkata ga tarihin manyan mutane, sun yi na Awolowo, sun yi na Sardauna, a 2022 sukayi na Sarki Sanusi na biyu wanda Farfesa Ahmed Yerima ya rubuta, shi Yerima ɗin ya taɓa shugabantar tawagar wasa ta ƙasa kuma yana da wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru, don haka in ka ga sunansa a jikin fosta akwai yiwuwar labarin gida ne zaka gani da idon mutanen kudu, wanda shi kansa abun kallo ne ko da zaka fito kana gyara musu yadda ake naɗa rawani. Ka haɗa da shafin Freedom Park da na MUSON. Kana bin uku huɗu daga cikinsu manhajar da kanta zata fara jeho maka sauran.

Ka san inda ginin yake kafin ka biya

Nan mutane ke cin karo. Ikko kashi biyu ce, tsibiri da suke ce wa Ailan, da kuma babban gari Menlan inda Agege da Ikeja da Mile 12 da Idi-Araba suke, inda mafi yawan mutanenmu ke sauka, kuma kusan duk zaurukan wasan suna Ailan, wato sai ka haye gada. In masaukinka Obalende ne toh ka huta, kana tsakiyar abun.

Terra Kulture na titin Tiamiyu Savage a Victoria Island, zaurensu kujera 400 ne, ba babba can ba, duk inda ka zauna kana ganin fuskar ɗan wasa, kuma a harabar akwai gidan abinci da shagon littattafai da ɗakin zane-zane, in ka iso da wuri akwai abun rage lokaci. MUSON na Onikan daura da gidan tarihi na ƙasa kusa da dandalin Tafawa Balewa, zaure biyu ne a ciki, Agip ƙarami da Shell babba, ka duba wanne aka rubuta a tikitinka don wani lokaci ana wasa a ɗaya ana walima a ɗayan, ka bi masu ashobi ka tsinci kanka a bikin mutane.

Freedom Park kuwa a titin Broad yake, kuma ko babu wasa ya cancanci kaje. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, a nan aka tsare su Herbert Macaulay da Awolowo da Enahoro, aka rushe shi ya zama kango shekara da shekaru kafin wani masanin zanen gini Theo Lawson ya maida shi wurin shaƙatawa aka buɗe a 2010, har yanzu tsohuwar katangar na nan da siffar ɗakunan fursuna, ka leƙa ɗaya ka ga ƙanƙantarsa sai jikinka yayi sanyi. Wasa a nan a fili ake yi, wani a babban dandamali wani a gindin bishiya wani ma 'yan kallo ke bin 'yan wasa daga lungu zuwa lungu. Ana biyan 'yan kuɗin shiga a ƙofa daban da na wasa, sannan in faɗa maka gaskiya akwai masu sayar da giya a ɓangaren abinci musamman da dare, in da iyali kazo kuje da rana.

Zauren Glover na titin Customs kusa da Marina, tafiyar ƙafa ce daga Freedom Park. Sunan tun 1887 yake duk da ginin da zaka gani ba na wancan zamanin bane, kuma Glover ɗin da aka sa wa sunan shine Baturen nan da ya tara 'yan Hausawa a 1863 ya kafa 'yar rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke lissafa asalinta daga gare ta, ka ga ashe muna da tsohuwar alaƙa da wajen. A wannan zauren Hubert Ogunde ya nuna wasansa na farko a 1944 yana ɗan sanda, daga baya ya ajiye kaki ya zama uban wasan yawo na Yarbawa, a loda 'yan wasa da ganguna a babbar mota gari gari har Jos da Kano.

Sai babban, gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda kana kan gadar Eko zaka hango shi kamar hular soja an kife. An gama shi a 1976 saboda bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna, an kwaikwayo fasalinsa daga wani gini a birnin Varna na Bulgeriya, babban zaurensa an yi shi ne don mutum 5,000. Bankuna sun haɗu sun gyara shi, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka, amma in kana tambayar hanya kace National Theatre kawai, sunan da kwandasta ya sani kenan. Shi wannan a Menlan yake bakin gada, kuma jirgin ƙasa na cikin gari mai shuɗin layi da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 yana da tasha a wajen.

Tantance wasan kafin ka sa kuɗinka

Ka ga fosta ta burge ka, dakata tukuna. Abu biyu zaka duba, harshe da abun da ke ciki. Yawancin manyan wasannin Turanci ne gauraye da buroka, sai waƙoƙi da karin magana da Yarbanci, in kana jin buroka ko da na kasuwa ne zaka bi labarin lafiya lau. Amma akwai waɗanda Yarbanci ne zalla daga farko har ƙarshe, akwai kuma na manyan marubuta masu Turancin da ko ɗan jami'a sai ya dafe kai, don haka ka tura musu saƙo ka tambaya, suna amsawa, ai tikiti suke son sayarwa.

Na biyun kuma sai ka kalli guntun bidiyon tallan da suke sakawa. Wasu wasannin akwai rawa da shigar da bazaka so ka kalla kana zaune kusa da surukinka ko 'yarka ba, wasu kuma labarin gumakan gargajiyar Yarbawa ne irin su Sango da kirarinsu da komai, su a wajensu tarihi ne da al'ada, kai kuma ka san inda zuciyarka ta tsaya, gara ka sani tun a gida da ka tashi tsakiyar wasa kana tattaka ƙafafun mutane. Wasannin tarihi da na barkwancin siyasa da waɗanda aka rubuta na iyali ne a fosta su suka fi sauƙin shiga da yara. In an rubuta iyakar shekaru a jiki toh da gaske suke.

Sayen tikiti

Hanya mafi aminci ka bi mahaɗin da ke saman shafin ƙungiyar da kanta, zai kai ka shafinsu ko wajen dillalan tikiti irin Tix Africa ko Ariiya, ka biya da kati ko taransfa, su turo maka tikiti ta imel mai ɗauke da lambar nan mai murabba'i da ake haskawa a ƙofa. Kana samu ka ɗauki hotonsa a waya ka ajiye, kar ka bari sai a bakin ƙofa kana neman netwok mutane na huci a bayanka. Wanda ya biyo ka ta saƙo yace yana da tikiti mai rahusa tura kuɗi asusunsa, share shi kawai.

Tikitin hawa hawa ne, na gama gari, na VIP, wani lokaci da na sama da shi har da tebur. Ra'ayina a ƙaramin zaure irin na Terra ko Agip kuɗin VIP ɓarna ne in dai ba baƙo kake son karramawa ba, na gama garin ya wadatar in ka shiga da wuri, don sau da yawa ba'a rubuta lambar kujera, wanda ya riga shiga shi ke zaɓa. Layin farko ma ba daɗi, wuyanka a ɗage kuma lasifika a kunnenka, tsakiya layi na biyar zuwa na goma nan ne wajen zama. Ana sayarwa a ƙofa ma, amma a Disamba kar ka dogara da hakan, yana ƙarewa. Kuma ka karanta rana da lokaci sau biyu, domin yawanci sau biyu ake yi a rana, ƙarfe 3 na yamma da 6 ko 7 na dare, tikitin ɗaya baya shiga ɗayan.

Wanne zaka ɗauka, na rana ko na dare? Ni kullum na ƙarfe 3 nake ba baƙo shawara, musamman wanda zai koma Menlan. Lissafin sallah ma ya fi zama, kayi azahar kafin ka shiga, wasa awa biyu ne zuwa biyu da rabi, ka fito wajen biyar da rabi ka samu la'asar kafin rana ta faɗi, ko kuma ka fita lokacin hutun rabin wasa in akwai. Na dare kuwa a Disamba magariba na shiga wajen shida da rabi, zaka iya yi ka shiga na bakwai a tsanake, amma tsakiyar shekara rana bata faɗuwa sai bakwai ta ɗan gota, sai ya zama ana ɗaga labule ana kiran sallah. Hukuncin matafiyi na haɗa salloli kuma wannan ka tambayi malaminka tun kafin ka taso. Wajen yin sallar ba wahala, daga Glover ko Freedom Park babban masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe ba nisa, a Victoria Island kuma dabarata ɗaya ce, in nemi maigadi ko mai shayi ko ɗan canji in masa sallama da Hausa, wallahi ban taɓa rasa buta da tabarma ba, har da "Malam daga ina" da labarin gida.

Ranar wasa

Daga Agege ko Ikeja ka bada awa biyu da rabi, in ka isa da wuri ba asara. Lahadi hanya tafi sauƙi, Asabar ɗin Disamba kuwa ranar bukukuwa ce, gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 in ta cushe babu inda zaka kauce sai dai ka kalli ruwa. Motar BRT zata kai ka tashar CMS da ke Marina ko TBS, wato dandalin Tafawa Balewa, daga TBS ɗin MUSON tafiyar ƙafa ce, amma sai da katin Cowry ake hawa, shi ɗin ne kuma na jirgin cikin gari, ana yinsa a tasha ka zuba masa kuɗi. Jirgin mai jan layi yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo, sai dai ka duba jadawalinsa na ranar kuma kar ka ɗora dawowar dare a kansa. Acaɓa an hana shi a Ailan da Ikeja da Surulere da wasu yankunan tun 2022, kuma dokar har fasinja take kamawa, don haka ko ɗan uwanka ne ya tsaya yace hau in kai ka, kace masa Allah ya bada sa'a. In kuɗi ya samu Bolt ko Uber shine kwanciyar hankali, in da motarka kazo kuma ka sani wajen ajiye mota a Victoria Island ɗan kaɗan ne, wani dalilin isa da wuri kenan.

Me zaka saka? Kayanka na gida. Kaftani da hula ko doguwar riga da mayafi babu mai kallonka, su kansu da agbada da gwaggwaro suke zuwa, sai dai in hularka doguwa ce irin ta 'yan siyasa ka tausaya wa na bayanka. Ka riƙo 'yar rigar sanyi don esin zauren ba wasa yake ba, in Freedom Park ne kuma maganin sauro. Fawa bank, 'yan canji a aljihu saboda kuɗin ƙofa da ruwa, sannan ka ci abinci kafin ka shiga, ba'a cika barin abinci a cikin zaure ba kuma na harabar da tsada.

Maganar lokaci, kar ka ce ai Najeriya ce za'a makara. Wasu na makara ɗin, na taɓa zama minti hamsin a wani waje ana jiran wani babban baƙo da bai ma zo ba, amma manyan ƙungiyoyin da ke da wasa biyu a rana dole su fara kusa da lokaci don su sallami na farko kafin na biyu, kuma in an kashe fitila sai dai a tsaida kai a baya har a samu sarari. Minti arba'in kafin lokaci kana harabar, shine daidai.

A cikin zaure

Waya a kashe mata ƙara, kuma kar ka ɗauki bidiyo in sun hana, masu kula da ƙofa na zagayawa zasu haska ka da tocila a gaban jama'a. Bayan wannan kuma ka saki jikinka, domin 'yan kallon Ikko ba masu shiru bane. Akwai wani wasa da na kalla, labarin wani basarake da ya sayar da filin gari, wata mata a gefena mai ƙaton gwaggwaro tun daga fitowarsa take tsaki, da ya zo yana rantsuwar ƙarya sai ta miƙe rabi ta daka masa tsawa da buroka wai ɓarawo ne, shi kuma ɗan wasan bai fita daga rawar da yake takawa ba, ya juyo ya nuna ta da sandarsa yace wa dogarinsa a rubuta sunan matar can, zaure ya kece da dariya har makaɗa. Can kuma mai ganga ya matse 'yar gangarsa a hammata, irin kalangunmu ce sak har igiyoyin, ya buga wani abu gajere, kowa ya fashe ni kaɗai ban gane ba, sai mijin matar ya sunkuyo yace min Alhaji gangar cewa tayi mai ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu. Wannan shine abun da fim bazai baka ba, mu da ƙungiyoyinmu na daɓe irin su Tumbin Giwa da Gyaranya suka koma kaset tun shekarun 1990 yaranmu da yawa basu taɓa ganin ɗan wasa na zufa taku biyar a gabansu ba. In ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi tsumma ka ɗaura, in ana tafi kayi, in an jefo wa 'yan kallo waƙa ka amsa ko da baka iya ba.

In an gama kar ka yi wuf ka fice, 'yan wasa na dawowa su rusuna, darakta ya gabatar da su ɗaya ɗaya, galibi kuma suna fitowa harabar a gaisa a ɗau hoto, a nan zaka tambaye su wasa na gaba da inda za'a yi, labarin da ko a Instagram bai fito ba tukuna. Motar komawa kuma ka kira ta kana cikin harabar, lokacin da mutum ɗari huɗu suka fito tare kuɗin manhaja na tashi, in ka ɗan jira minti ashirin yana sauka. Ka duba lambar mota ta dace da ta waya kafin ka shiga, da dare kuma kar ka tari danfo a bakin hanya inda ba tasha ba, 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, ba tatsuniya bane. In Obalende ka sauka ka tsaya wajen masu tsire, 'yan gida ne.

In kana da ƙarin kwana, Badun

Badun salonta daban, wasan jami'a ne, ba ƙyalli sosai amma a nan tushen yake. Jirgin ƙasa na Legas zuwa Badun da aka buɗe a 2021 yana tashi daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta, yana tsayawa a Agege, wanda ya sauƙaƙa wa mutanenmu, ya bi ta Abeokuta ya sauke ka a Moniya cikin kamar awa biyu da rabi zuwa uku. Tikiti ta intanet ake saye, ka tanadi lambar NIN ɗinka da katin shaida, kuma na ƙarshen mako ka saya da wuri. Daga Moniya ka hau mota ta Ojoo zuwa ƙofar jami'a, a ciki ka tambayi Arts Theatre, wanda yanzu ake kira Wole Soyinka Theatre, tun 1955 yake, kuma a wannan jami'ar aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a Najeriya, Soyinka da kansa ya shugabanci sashen kafin ya ci kyautar Nobel a 1986.

Dabarar a nan ba ta Instagram bace sosai, ka shiga sashen koyon wasan ka karanta allon sanarwa ko ka tari ɗalibi ka tambaya, wasannin ɗalibai sun fi yawa wajen ƙarshen zangon karatu lokacin da ake basu maki a kai, sai kuma Nuwamba lokacin bikin yaye ɗalibai, kuɗin shiga kuwa ɗan kaɗan ne, da yamma ake yi. In jami'a na hutu ko ana yajin aiki kar ka ɓata kuɗin jirgi. Wanda ya taɓa zama a gidan wasan laka na ABU Zariya zai ji kamar yana gida, ɗalibai a cike suna yi wa abokansu ihu, wani ya manta layinsa ya ƙirƙiro nasa. Masauki ka nemi wajen Mokola, Sabo na nan kusa, masallaci da tuwo da shayi duk babu matsala, kuma daga can ƙananan tasin nan Micra suna zuwa ƙofar jami'a kai tsaye. Wasan dare in ya tashi babu jirgin komawa Ikko a wannan lokacin, don haka ka kama ɗaki tun da rana, ka sayi tikitin jirgin safe tun kafin ka shiga kallo.